Yadda Ake Yi wa Kyanwa da 'Ya'yanta Wanka Ba Tare da An Cutar da Su Ba

Kafin ka ɗora ruwa a wuta, ka fara tambayar kanka: shin kyanwar nan tana buƙatar wankan kuwa? Sau da yawa amsar ita ce a'a. Na fi son in faɗi haka tun daga farko, domin yawancin wahalar da na ga maguna sun sha a hannun masu su, ƙauna ce ta jawo ta. Mutum ya ga yana wanka kullum, ya ga yana yi wa 'ya'yansa, sai ya ɗauka abin da ya dace da ita ke nan.

Kyanwa da kayan wankanta aka halicce ta. Duk wanda ta taɓa lasar masa hannu ya ji kaushin harshenta. Wasu ƙananan ƙayoyi ne jere a kansa, sun karkata wajen maƙogwaro, kuma da irin sinadarin da ke cikin farce aka yi su. A 2018 masu bincike a jami'ar fasaha ta jihar Jojiya a Amurka sun gano cewa bakin kowace ƙaya yana da ɗan rami kamar ludayi, wanda ke ɗebo yawu ya kai shi can cikin gashi. Da harshen nan take taje jikinta, ta cire ƙura da mataccen gashi, ta baza man da fatarta ke fitarwa, ta kuma sanyaya jikinta lokacin zafi. Lafiyayyar kyanwa takan kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na lokacin da take farke, wani sa'in har rabi, tana wannan aikin.

Ƙin ruwan ma yana da dalili. Kakanninta magunan daji ne na busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba su da wata hulɗa da iyo. Idan gashinta ya jiƙe yakan yi nauyi, ya daɗe bai bushe ba, ya daina riƙe mata ɗumi. Sannan sabulu yana wanke ƙamshin jikinta, wanda da shi take gane kanta da wurin kwananta da 'yan gidanta. Akwai waɗanda ba su damu da ruwa ba, irin magunan yankin tafkin Ban na Turkiyya, amma su ƙalilan ne.

Yaushe wanka yake zama dole?

Idan ta shafo abin da bai kamata ta lasa ba: baƙin mai, fenti, danƙo, maganin ƙwari, ko wani abu da ba ka san mene ne ba. Wannan shi ne babban dalili, domin duk abin da ya hau gashin kyanwa ƙarshensa cikinta. Sai gudawa da ta ɓata mata baya, sai ƙuma da ta yi yawa, sai ciwon fata da likitan dabbobi ya rubuta wa sabulun magani. Akwai kuma tsohuwar kyanwa da ciwon gaɓoɓi ya hana ta lanƙwasa, da wadda ƙiba ta hana harshenta kaiwa gadon baya. Irin magunan nan marasa gashi da ake kira Sfinks su kam wanka a kai a kai ya zame musu dole, saboda babu gashin da zai shanye maiƙon fatarsu. Masu dogon gashi irin na Farisa sukan buƙaci wanka jefi-jefi, amma mataji suka fi buƙata.

Abu ɗaya da nake roƙon a lura da shi: kyanwar da ta saba tsafta, kwatsam ta daina lasar jikinta, gashinta ya yi buji-buji yana maiƙo, ba ƙazanta ta koya ba. Wani abu ke damunta, ko ciwon haƙori, ko ƙoda, ko gaɓoɓi. A kai ta wurin likita kafin a yi maganar baho.

Jarirai: sanyi ya fi datti haɗari

Nan zan daɗe, domin nan ake asarar rai.

'Yar kyanwa da ba ta kai mako 8 ba, ba a tsoma ta cikin ruwa sai da larura mai ƙarfi. Zafin jikin babbar kyanwa yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salsiyos, kuma jikinta na iya riƙe shi. Jaririya ba ta iya wannan a makonnin farko, da ɗumin uwa da na 'yan'uwanta take rayuwa. Idan ta jiƙe iska ta buge ta, cikin ɗan lokaci zafin jikinta zai faɗi, ta yi laushi, ta daina tsotso. Na taɓa tsintar wata 'yar ƙarama da ƙuma ta cika mata jiki, na yi mata wanka da kyakkyawar niyya, ban tanadi wurin ɗumi ba. Karkarwar da ta riƙa yi a tafin hannuna har yau ina tunawa da ita. Ta rayu, bayan na kwashe dare ina riƙe da ita a ƙirjina cikin riga, amma saura kaɗan garin neman gira in rasa ido.

Idan tsintar ta ka yi ba ka san kwanakinta ba, ga yadda za ka ƙiyasta. Ana haihuwarsu da nauyin wajen giram 100, kuma sukan ƙara kimanin giram 100 kowane mako, saboda haka wadda ta doshi kilo ɗaya ta kai wajen mako 8 ko fiye. Idanu suna buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 14. Haƙoran gaba suna fara tsirowa wajen mako na 2 zuwa na 3. Wadda ke tafiya tana tangaɗi ba ta wuce mako 3 ko 4 ba.

In uwar tana nan, ka bar mata aikinta, ta fi ka iyawa. In babu uwa, kai ne za ka maye gurbin harshenta. Ka sami ƙyalle mai laushi ko auduga, ka tsoma a ruwan ɗumi, ka matse har ya daina ɗiga, ka riƙa shafa wurin da ya ɓaci kaɗai, shafa gajeru kamar yadda uwa ke lasa. Da ka gama wuri ɗaya ka tsane shi kafin ka koma wani. Bayan kowace shayarwa kuma, sai ka shafa mata ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi har ta yi fitsari, domin jaririyar da ba ta kai mako 3 zuwa 4 ba ba ta iya fitsari ko kashi da kanta sai an motsa ta haka.

Idan ka taɓa ta ka ji kunnuwa da tafin ƙafa da cikin baki sun yi sanyi, kada ka ba ta madara tukuna, cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Ka fara ɗumama ta a hankali, da jikinka ko da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul, ba kai tsaye a fatarta ba.

Abin da ba ya taɓa jikin kyanwa

Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum da ta kare suke amfani da shi wajen warware wasu gubobi. Shi ya sa abin da ba ya yi mana komai yake iya kashe ta. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya ta isa ta halaka kyanwa. Wannan raunin shi ke sa a yi taka-tsantsan da abin da za a zuba mata a ruwan wanka.

Na farko, maganin ƙuma da kaska na karnuka. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin farmetirin, wanda kare ke jurewa amma kyanwa ba ta jurewa. Alamunsa su ne dalalar da yawu, rawar jiki, fizgar kunne da fata, har jijjiga. Ko goga jiki ta yi da karen da aka shafa wa yana iya kama ta. In haka ta faru, a wanke wurin nan take da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a naɗe ta da tawul, a garzaya asibitin dabbobi, kada a jira a ga yadda za ta kwana.

Na biyu, ruwan kashe ƙwayoyin cuta irin wanda in an ɗiga shi a ruwa sai ruwan ya yi fari kamar madara. Irin wannan guba ne gare ta, ko a wanka, ko a ƙasan da aka goge da shi ta taka ta lashe ƙafa. Na uku, mayukan ƙamshi da ake tatsowa daga tsirrai, irin na kanumfari, kirfa, na'a-na'a da ɓawon lemo. Kasancewar abu daga tsiro yake bai sa ya zama lafiya gare ta ba. Kananzir, fetur da ruwan narkar da fenti kuwa, ko kusa da ita kada a kawo su.

Shamfu da sabulun mutane an haɗa su ne daidai da fatarmu, sukan busar da tata su sa ta ƙaiƙayi. Abin da ya dace shi ne sabulun ruwa da aka rubuta a jikinsa cewa na maguna ne, marar ƙamshi mai ƙarfi, kuma in 'yar ƙarama ce a duba an ce ya dace da shekarunta. In abu ya taso da gaggawa babu shi a gida, ɗigo kaɗan na sabulun wanke-wanke marar ƙamshi zai yi aikin sau ɗaya, amma kada ya zama al'ada.

Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin nasarar wankan kyanwa ana samun ta ne tun ba a jiƙa ko gashi ɗaya ba.

Kwana ɗaya kafin wankan, ka rage mata farata. Ka danna tafin ƙafar a hankali farcen zai fito, ka yanke ƙarshensa mai tsini kaɗai. In ka duba cikinsa za ka ga wani wuri ruwan hoda, nan jijiya da jini suke, kada ka kusance shi. Dalilin yin wannan kwana guda kafin lokaci shi ne kada a tara mata abubuwa biyu da ta tsana a rana ɗaya.

Sannan ka taje ta sosai tun tana bushe. Duk gashin da ya cukurkuɗe, in ruwa ya taɓa shi sai ya ƙara ɗaurewa kamar igiya. Ka warware shi da yatsu da mataji mai faɗin haƙora. Wanda ya daskare ya manne da fata kada ka sa masa almakashi, fatar kyanwa siririya ce, takan biyo gashin sama a yanke ta ba a sani ba. A bar wa mai injin aski na dabbobi.

Ka zaɓi ƙaramin ɗaki da za a rufe ƙofa da taga, ka kashe fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Ka zaɓi lokacin da rana ta yi ɗumi, kuma lokacin da ta gaji da wasa, ba tana gama cin abinci ba. Ka jera kayanka inda hannu ɗaya zai kai: baho biyu, kofin zuba ruwa, sabulun da ka riga ka sirka da ruwa a ƙaramin kwano, ƙyallen fuska, tawul aƙalla uku, da ɗan abin da ta fi so ta ci. Ka shimfiɗa tawul ɗaya a ƙasan bahon wankan. Wannan ɗan abin yana rage rigima ƙwarai, domin abin da ya fi firgita kyanwa shi ne ta ji ƙafarta na santsi ba ta da inda za ta kafa farce.

Ka zuba ruwan kafin ka shigo da ita, ƙarar ruwa daga famfo tana tayar mata da hankali. Zurfinsa kada ya wuce gwiwarta, ga 'yar ƙarama ma ƙasa da haka. Ɗuminsa ya zama kusa da na jikinta, wajen digiri 37 zuwa 38. Ka gwada da gwiwar hannunka kamar yadda ake gwada ruwan jariri, in ka ji ɗumi mai daɗi ba zafi ba, ya yi.

Ka sa riga mai dogon hannu, kuma in da hali ku zama ku biyu, ɗaya na riƙo ɗaya na wanki. Komai sanyin halinta, babu kyanwar Lami a cikin baho.

Wankan kansa

Ka ɗauko ta cikin natsuwa, kana yi mata magana da muryar da ta saba ji. In ta gudu ta ɓuya, kada ka bi ta da gudu ka zaƙulo ta, ka jira ta fito. Ka sauke ta cikin ruwan ƙafafun baya su fara taɓawa, ka juyo bayanta gare ka, yadda in ta zabura gaba za ta yi, ba fuskarka ba. Hannu ɗaya ya tallafi ƙirjinta ta bayan ƙafafun gaba. Wasu sun fi samun natsuwa in an bar su su dafa bakin bahon da ƙafafun gaba, a bar su. Kada a ɗaga babbar kyanwa ta fatar wuya. Uwa na yi wa jarirai haka saboda ba su da nauyi, amma ga babba ciwo ne da tsoro.

Ka ba ta ɗan lokaci ta ji ruwan a ƙafarta. Daga nan ka fara zuba ruwa da kofi, kana kusanto da bakinsa jikinta don kada ya yi fantsama. Ka fara daga kafaɗa, ka bi gadon baya zuwa wutsiya, sannan gefe da ciki. Gashin kyanwa yakan ƙi shan ruwa da farko, sai ka riƙa shigar da shi da yatsu. Kai da fuska da kunne ba a zuba musu ruwa sam.

Ka shafa sabulun daga wuya zuwa baya, kana bin yadda gashin ya kwanta. Kaɗan ya isa, yawan kumfa wahalar ɗauraya ce kawai. Ka kula da hammata, ƙasan wutsiya, ciki da tsakanin yatsu, amma ka yi su da sauri, nan ne ba ta son a taɓa. In sabulun magani ne, yawanci akan buƙaci ya zauna a jiki kimanin minti 10, sai ka bi abin da likita ya ce. Domin kada sanyi ya kama ta a wannan zaman, ka naɗe ta da tawul mai ɗumi ka riƙe, ka kuma hana ta lasa.

Ɗauraya ita ce matakin da aka fi yi wa ha'inci, ga shi ita ce mafi muhimmanci. A nan baho na biyu yake aiki: ka mayar da ita cikin ruwa mai tsabta, ka yi ta zubawa har ka daina jin santsi a gashin, sannan ka ƙara sau ɗaya. Duk sabulun da ya rage, ko ya sa ta susa, ko ta lashe shi ya ɓata mata ciki.

Fuska da ƙyalle ake goge ta, ruwa zalla, daga kusurwar ido zuwa waje. Kunne kuma a goge inda ido ke gani kaɗai, ba a zura tsinken auduga ciki. In ka ga baƙin datti mai yawa kamar garin gawayi tana kuma kaɗa kai tana susa, mai yiwuwa ƙananan ƙwarin kunne ne, magani suke so.

Duk wankan, ban da na magani, bai kamata ya wuce minti 5 zuwa 10 ba. Kuka da ƙoƙarin fita ba abin damuwa ba ne. Amma in ta buɗe baki tana haki kamar kare, ka tsaya nan take. Kyanwa ba ta haki haka sai tsoro ko wahala ta kai mata maƙura. Haka in ta saki fitsari ko kashi, ko ta haukace tana cizo. Ka ɗauraye abin da ya samu, ka naɗe ta, ka ƙyale sauran. Wadda ba ta wankuwa a gida, asibitin dabbobi suna da hanyar yi mata cikin aminci.

In ta cije ka har haƙori ya huda fata, kada ka raina ƙanƙantar ramin. Haƙoranta sirara ne, suna kai ƙwayoyin cuta can ciki sannan bakin ciwon ya rufe. Ka wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ka je asibiti ranar, musamman in a hannu ne ko kusa da gaɓa, ko in kyanwar ba ta da rigakafin ciwon haukan kare.

Busarwa

Ga 'yar ƙarama, wannan matakin ya fi wankan muhimmanci. Da ka fito da ita ka naɗe ta gaba ɗaya, kai kawai a waje. Ka riƙa dannawa tawul ɗin na shan ruwan, kada ka cuɗa da ƙarfi, musamman mai dogon gashi. Tawul ya jiƙe, ka canza busasshe. Yawancin maguna suna tsoron ƙarar na'urar busar da gashi. In taka ta jure, ka sa a mafi ƙarancin zafi, ka nisanta ta, kana kaɗa ta, hannunka na kan gashin don ka ji abin da take ji. Ka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi marar iska har ta bushe ƙarƙaf, har ciki da hammata. Za ta zauna ta yi ta lasar jikinta, wannan daidai ne, ƙamshinta take mayarwa. Ka ba ta abin daɗin da ka tanada, ka ƙyale ta ta huce.

In kana da wata kyanwar a gidan, kada ka yi mamaki in ta yi wa wadda aka wanke huci kamar ba ta taɓa ganinta ba. Hanci take bi, kuma ƙamshin ya canza. Ka goga ƙyalle a shimfiɗar da suke kwana ko a kumatun ɗayar, ka shafa wa wadda aka wanke, ka raba su na 'yan sa'o'i.

Ƙuma, mai, danƙo da makero

Domin ka tabbatar ƙuma ce, ka taje ta a kan farar takarda mai laima. Baƙaƙen ɗigon da suka faɗo, in suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin kyanwar. Ga jarirai abin ba wasa ba ne, ƙuma na iya tsotse su har su yi ƙarancin jini. Ka ɗaga leɓe ka duba dasashi: in ya yi fari maimakon ruwan hoda, asibiti kai tsaye. Ga waɗanda ba su isa wanka ba, mataji mai ƙananan haƙora shi ne makami, kana tajewa kana tsoma shi cikin ruwan sabulu. Ga waɗanda suka isa, ga dabara: kafin ka jiƙa jikin, ka zagaye wuyan da kumfar sabulu kamar sarƙa, domin da ƙuma ta ji ruwa kai take gudu ta shige kunne da gefen ido.

Sai dai wanka yana kashe waɗanda ke jikinta ne a ranar kawai. Macen ƙuma na iya saka ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan zubewa yake a shimfiɗa da darduma da tsagar ƙasa. Dole a wanke shimfiɗu da ruwan zafi, a share gida sosai, a karɓi maganin da ya dace da nauyinta daga likita, a yi wa duk dabbobin gidan tare. In an ɗiga mata irin maganin da ake sawa a bayan wuya, a bari aƙalla kwana 2 kafin wanka. A kuma nemi maganin tsutsar ciki, domin ta hanyar haɗiye ƙuma take kamuwa da wata irinta.

Baƙin mai, fentin mai, ko danƙon tarkon ɓera, da man girki ake fara narkar da su. A shafa, a murza a hankali, a goge da ƙyalle, sannan a wanke man da sabulun wanke-wanke. Kada a fizge kyanwa daga tarkon danƙo, a riƙa zuba man tsakaninta da shi har ta saku.

Makero kuwa, wato zagayayyen wurin da gashi ya zube fatar ta yi ɓawo, yana kama mutane, musamman yara. A sa safar hannu, a ware tawul ɗinta, a kai ta a duba.

Zaman yau da kullum shi ke sauƙaƙa ranar wanka

Kyanwar da ta saba a taɓa mata ƙafa da kunne da ciki cikin wasa, ba ta firgita ranar da larura ta zo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tsakanin mako 2 zuwa 7 ne 'yar kyanwa ta fi saurin sabawa da hannun mutum, amma babba ma tana koyo in an bi ta sannu. Ka riƙa taje mai gajeren gashi sau ɗaya ko biyu a mako, mai dogon gashi kullum. Wannan na rage dunƙulen gashin da take amayarwa, kuma a nan hannunka zai fara jin ƙari ko ciwo ko rama tun abin bai yi nisa ba.

Ka koyi karanta ta. Wutsiya a miƙe sama, maraba take yi. Wutsiya na bugun ƙasa, kunnuwa sun kwanta baya, ta ƙoshi da taɓawa, ka janye hannu. In ta dube ka ta lumshe ido a hankali, ta amince da kai, kai ma ka mayar mata. Duka da tsawa ba sa koya mata komai sai tsoronka, haka fesa mata ruwa don horo, wanda ma zai ƙara mata ƙin baho.

Tsaftar jikinta tana tafiya da tsaftar akwatin yashinta, wato inda take kashi da fitsari. A kwashe kullum, a ajiye shi nesa da abinci da ruwa, kuma yawan akwatunan ya ɗara yawan magunan da ɗaya. Mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin saboda wata cuta da ke iya biyowa ta kashin kyanwa ta taɓa ɗan tayi, in kuwa babu kowa, ta sa safar hannu ta wanke hannu sosai. Ka riƙa leƙa akwatin da idon basira. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fita, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma hakan na iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Gashi mai sheƙi daga ciki yake farawa. Kyanwa maciyar nama ce, abincin kare bai ƙunshi duk abin da zuciyarta da idanunta ke buƙata ba. Madarar shanu takan sa yawancinsu gudawa, wanda shi ne ke kai mutane ga wankan da da an kauce masa. Albasa, tafarnuwa da cakulan guba ne gare ta. Ruwan sha ya zama sabo kullum, a faffaɗan kwano. In ta ƙi abinci kwana ɗaya cur a kira likita, domin yunwar kwanaki kaɗan na iya taɓa mata hanta.

In an yi mata tiyatar hana haihuwa, ko wata tiyatar, babu wanka sai ɗinkin ya warke, wajen kwana 10 zuwa 14. Ranar da aka yi mata allurar rigakafi ma a bar ta ta huta. Ga waɗanda ke buƙatar wanka a kai a kai ba don magani ba, sau ɗaya a mako 4 zuwa 6 ya wadatar, ban da marasa gashi da kan buƙaci fiye da haka. Tsakanin wanka da wanka, in ta taka wani abu ko bayanta ya ɗan ɓaci, jiƙaƙƙen ƙyalle mai ɗumi da mataji sun isa, a wanke wurin kaɗai a tsane.